Sayen Guzuma Don Riba: Abin da Ya Kamata Ka Sani

A ƙarshen bazara, in ka shiga kasuwar bisashe ta Magarya ko ta Dungas, akwai saniyar da ba za ka rasa gani ba. Tana can gefe a ɗaure, ƙahonta dogo, haƙarƙarinta a fili har ana iya ƙirgawa, ƙasusuwan ƙugunta sun yi cirko-cirko. Yawancin masu saye wucewa suke yi. Can sai ka ga wani dattijo ya tsaya, ya zagaya ta sau biyu, ya sa yaro ya kama mata hanci, ya buɗe bakinta ya leƙa. Bayan wata uku ko huɗu, ita ce za ka sake gani ta murje, gashinta ya kwanta, mahauta suna rububinta.

Sana'ar nan ta daɗe a ƙasar Damagaram, kuma mutane da yawa a Yekuwa da ƙauyukan kewaye suna sha'awarta, domin jarinta bai kai na fataucin bijimai ba. Sai dai akwai waɗanda suka shiga suka fito ba uwa ba riba. In ba ka taɓa sayen saniya ba, ga abubuwan da za ka riƙe kafin ka kwance bakin aljihu.

Mece ce guzuma, kuma me ya sa mai ita yake sayarwa?

Guzuma ita ce tsohuwar saniya wadda ta yi haihuwa da yawa, nononta ya ja baya. Saniya tana farawa da maraƙa, ta zama karsana, wato budurwar da ba ta haihu ba tukuna. A ƙasashenmu na Sahel takan yi haihuwar fari tana da wajen shekara 4, sannan ta riƙa haihuwa duk shekara ɗaya da rabi ko biyu. In ta haura shekara 10, ƙarfinta yakan fara raguwa.

Makiyayi yana son saniya ne don nono da 'ya'ya. Ranar da ta daina ba shi su, ta zama nauyi: tana cin ciyawar da mai shayarwa za ta ci, kuma ba ta jure doguwar tafiya daga arewa zuwa kudu. Ga kuma buƙatar hatsi da sutura da magani a gida. Shi ya sa in zai fitar da dabba, ita yake fara kamawa. A layinta za ka tarar da juya, wato saniyar da ba ta ɗaukar ciki, da tsofaffin shanun huɗa da na amalanke da manomi yake son canzawa.

Wataƙila ka ce, ai naman tsohuwa tauri gare shi. Gaskiya ne, shi ya sa kuɗinta bai kai na bijimi mai girmanta ba. Amma mahauci yawan nama yake lissafawa, masu watanda kuma, wato waɗanda suke haɗa kuɗi su yanka saniya su raba, tsoka da kitse suke nema. Kasuwarta ba ta mutuwa.

Daga ina ribar take fitowa?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce juyi: ka saya a ƙaramar kasuwar ƙauye, ka kai babbar kasuwa cikin 'yan kwanaki, ka ci bambancin farashi. Wannan aikin ƙwararru ne masu ido da sanin mutane. Wasu ma a kasuwa ɗaya suke saye da safe su sayar da yamma, su ne ake kira 'yan baranda. Sabon shiga bai cika tsira a nan ba.

Ta biyu ita ce kiwon turke: ka ɗaure saniyar a gida, ka ciyar da ita kwana 90 zuwa 120, ka sayar. Sirrinsa yana jikin dabbar. Guzuma ta riga ta gama gina ƙashi, saboda haka abin da ta ci nama da kitse yake zama. Dabbar da ta sha yunwa kuma, in ta samu abinci, takan mayar da jiki da sauri a makonnin farko. Daga nan sai abin ya riƙa ja baya. Bayan wata huɗu, cin yana nan yadda yake, ƙarin jikin kuwa kaɗan ne. Wannan hanyar ce ta dace da manomi, kuma a kanta za mu fi tsayawa.

Me ya sa yankin Yekuwa ya dace da wannan sana'a?

Yekuwa tana cikin gundumar Magarya, daf da iyakar Najeriya ta wajen ƙasar Daura. Dungas ma a cikin Magarya take kafin a mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011. Yankin yana tsakanin masu kiwo da masu ci. Daga arewa, wajen Tanut da Belbeji da Gure, shanu suke gangarowa. A kudu kuwa ga manyan kasuwanni: Mai'aduwa ta jihar Katsina da take ci ranar Lahadi, Maigatari ta jihar Jigawa ranar Alhamis, da Wudil ta jihar Kano ranar Juma'a. Daga can ake lodin manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu.

Abu na biyu shi ne abinci. Ƙasar nan ta noma ce, jama'a sun yi yawa, gonaki sun cinye fili, makiyaya ta ƙaranta. Amma gona tana ba da kara da harawa da ganyen gyaɗa da kowar wake da ƙaiƙayi. Ga kuma gawo. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun yi suna a duniya kan yadda suka riƙa barin gawo yana tsirowa a gonakinsu tun daga shekarun 1980. Itacen yana zubar da 'ya'yansa da rani, daidai lokacin da dabba ta fi buƙata.

Yaushe ake saye, yaushe ake sayarwa?

Farashin shanu yana bin ciyawa. Daga Afrilu zuwa Yuni daji ya bushe, dabbobi sun rame, hatsi ya yi tsada, makiyayi yana sayarwa dole. Lokacin ne guzuma take faɗuwa warwas. A shekarar da damina ta gaza abin ya fi muni, kamar yadda aka gani a 2005 da 2010, lokacin da aka riƙa rabuwa da shanu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Amma ka lura da kyau: watan da saniya ta fi araha, shi ne watan da harawa da dusa suka fi tsada. Wanda ya tara abinci tun kaka, shi ne mai cin ribar bazara. Wanda zai sayi saniya yau ya sayi harawa gobe, ribarsa ta tafi wurin mai harawa. Akwai wani haɗarin kuma: ruwan farko yakan kayar da dabbar da ta galabaita, ga sanyi, ga sabuwar ciyawa mai sa zawo. In ka saya a lokacin, ka yi mata rumfa, ka ci gaba da ba ta busasshen abinci.

Lokaci na biyu shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba. Saniya ta fi tsada, amma tana da sauran ƙarfi, abinci kuma yana ko'ina. Ga sabon shiga, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Wajen sayarwa, ka nufi lokacin da ake neman nama: ƙarshen azumi da masu watanda suke fitowa, babbar salla, bukukuwan aure na bayan girbi, da watan Disamba da fatake suke lodi zuwa kudancin Najeriya saboda Kirsimeti da sabuwar shekara. Ka tuna watan Musulunci yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2025 babbar salla a farkon Yuni ta faɗo. Saboda haka ka fara tsayar da ranar sayarwa, ka ƙirgo wata uku ko huɗu baya, ka samu ranar saye. In layya kake nufi, ka sani ba a yin ta da mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko wadda ta rame ƙwarai.

Yaya za ka gane wadda za ta tashi?

Nan ne zuciyar sana'ar. Rama iri uku ce: ramar yunwa, ramar tsufa, da ramar cuta. Ta farko ce kawai abinci yake warkarwa, kuma ita ce kake nema.

Ka fara da baki. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri. A ƙasa tana da guda 8. Na yarinta ƙanana ne, suna faɗuwa bibbiyu manya su maye gurbinsu, daga wajen shekara 2 har su cika a wajen shekara 5. Daga nan sai su fara cinyewa: su gajarce, giɓi ya shiga tsakaninsu, su yi girgiɗi, su zube. In ka tarar takwas ɗin suna nan daram, ko da sun ɗan gajarce, akwai fata. In wasu sun zube, wasu suna motsi da ka taɓa, ka bar ta komai arahar. Araha ba ta ado. Abincin da baki bai tauna ba, jiki ba ya amfana da shi.

Haƙoran ciki ba sa ganuwa da sauƙi, saboda haka ka miƙa mata ɗan tsarabar harawa ka tsaya. Mai ramar yunwa warta take yi. Wadda ta sunsuna ta kau da kai, ko take tauna tana zubar da dunƙulen ciyawa, akwai magana. Wasu suna ƙirga zoben da ke gindin ƙaho don kintatar shekaru, tunda kowace haihuwa takan bar alama, amma ana iya kankare ƙaho. Haƙori ya fi faɗin gaskiya.

Bayan baki, ka bi jikin a tsanake. Hancin mai lafiya da danshi yake. Ka ja fatar ido ta ƙasa: in cikinta ja ne, akwai jini, in fari ne fat, jini ya ƙaranta. Ka shafa ƙarƙashin haɓa, domin kumburi mai taushi a wurin yakan nuna tsutsar ciki ko ta hanta. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki, ta mai lafiya nan take take komawa. Ka dubi bayan cinya ko akwai busasshen zawo. Ka taɓa hantsa ko akwai ƙulli. Sannan ka sa a kora ta da ɗan sauri, ka ga tafiyarta, ka saurari numfashinta. In ta kwanta, ka ga yadda take tashi. In kuma ka same ta a kwance tana tuƙa, wato tana dawo da abinci baki tana sake taunawa, alama ce mai kyau.

Ka zaɓi mai faɗin ƙirji da tsawon baya, domin nama wurin zama yake so. Ko Bunaji ce fara, ko Rahaji ja mai dogon ƙaho, ko Azawak, ko Bokoloji, ƙirar jiki ta fi launi muhimmanci. Sai dai Rahaji ta saba da daji, takan ɗauki lokaci kafin ta yarda da turke.

Akwai abu ɗaya da ido ba ya gani. Wani ɗan'uwana ya taɓa sayen guzumar cikin gari, mai haƙora lafiya lau, cikinta tulu. Wata uku yana zuba mata dusa, jiki bai motsa ba. Da ya gaji ya sayar wa mahauci da faɗuwa, aka fasa tumbi, sai ga dunƙulen leda da tsumma da igiya, mutum ɗaya da ƙyar ya ɗaga. Tun daga ranar, in na ga saniya mai babban ciki da busasshen baya, nakan tambayi inda ta yi kiwo. Wadda ta saba da juji, ka yi hattara da ita.

Waɗanne cututtuka ne abin tsoro?

Na farko ciwon huhu. Yana yaɗuwa ta numfashi daga saniya zuwa saniya. Mai shi tana tari, tana miƙe wuya, tana buɗe ƙafafun gaba don ta samu iska. Akwai bauru, mai sa gyambo a baki da kofato, dabba tana dalala tana ɗingishi. Akwai ciwon hanta, wanda shanun da suke kiwo a fadama da bakin tafki suka fi kamuwa da shi. Akwai kirci mai ɓata fata, da bakkale mai sa ɓari, wanda yake kama mutum ta ɗanyen nono ko taɓa mahaifa. Tsohuwar saniya kuma tana iya ɗauke da tarin fuka.

Abin yi a nan a bayyane yake. Ka ware sabuwar saniya daga sauran dabbobinka mako biyu zuwa uku, da wurin cinta da na shanta daban. Ka kira likitan dabbobi a makon farko ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsa da na kaska. Ka roƙe shi ya duba ko tana da ciki, domin wasu magungunan tsutsa suna cutar da ƙaramin ciki, kuma in akwai ɗa, lissafinka ya canza gaba ɗaya: saniya wata tara take goyon ciki, kuma mai ciki ba ta yanka ba ce. Gwamnatin Nijar tana yin allurar rigakafin ciwon huhu kyauta kowace shekara, kada ta wuce ka. Maganin da ake shanyawa a rana a tsakar kasuwa kuwa, ka guje shi.

Su wa za ka tarar a kasuwa?

Wurin shanu a kasuwa, wanda wasu suke kira kara wasu tike, yana da tsarinsa. Mai dabba ba kasafai yake ciniki da kansa ba, dillali yake damƙa wa. Kai za ka taya, dillali ya ce albarka in kuɗin bai kai ba, ka ƙara, har mai ita ya sallama. Ladan dillali shi ne la'ada. Bayan ita akwai tikitin da ma'aikacin magajin gari yake yanka, da kuɗin mai kora ko na mota.

Kada ka ɗauki la'ada asara. Dillalin kirki shi ne shaidarka cewa saniyar ba ta sata ba ce, kuma in magana ta taso gobe, shi za a nema. Saniyar da aka ce ka zo bayan kasuwa ka gani, ko aka kawo maka gida da dare a rabin kuɗi, ka bar ta. Ka dubi alamar wuta da tsagar kunne da ke jikinta, ka biya a gaban shaidu, ka adana tikitinka.

Me za ta ci, kuma yaya ake ba ta?

Ƙa'idar da masana kiwo suke bi ita ce, kowane kilo 100 na nauyin saniya yana buƙatar wajen kilo biyu da rabi na busasshen abinci a yini. Mai kilo 250 ke nan tana cin kilo 6 zuwa 7. Abincin kashi biyu ne. Akwai mai cika ciki: karan gero da na dawa, busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi. Akwai mai gina jiki: harawa, ganyen gyaɗa, kowar wake, 'ya'yan gawo, dusar gero ko ta alkama, tunkuza da angurya. Kara shi kaɗai yana riƙe rai ne kawai, ba ya sa ƙiba.

Tunda bakin tsohuwa ne, ka sauƙaƙa mata. Ka daddatse kara gajere-gajere, ka daka 'ya'yan gawo, ka jiƙa dusa da ruwa da ɗan gishiri ko kanwa. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ɗoki: ya cika mata kwano da dusa ko hatsi tun ranar farko. Tumbin da ya saba da busasshen haki ba ya ɗaukar haka, sai ciki ya kumbura, ko zawo ya ɓarke, wani lokaci har a rasa dabbar. Ka fara da ɗan kaɗan, kana ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu, har ta kai kilo 2 zuwa 3 a yini, rabi da safe rabi da yamma. Ka kiyaye ta daga gyauron dawa, wato sabon tohon da yake fitowa bayan an yanke kara, domin yana da dafi mai kisa.

Da zafi tana shan lita 30 zuwa 40 na ruwa a yini, kusan jarka biyu. Ka yi mata inuwa, ka riƙa share turken. Kashin da kake kwashewa kuma kada ka raina shi. A jigawar Yekuwa, takin wata huɗu riba ce ta biyu, wadda za ka gani a zangarniyar gero.

Nawa za ka kashe?

Farashi yana canzawa kowane mako, saboda haka lambobin nan misali ne na yadda ake lissafi, kai kuma ka sa na kasuwarku. Jikka ɗaya ita ce sefa 1,000, dala ɗaya kuma sefa 5.

A ce ka sayi guzuma jikka 150. La'ada da tikiti da kora sun ci jikka 5. Likita da magani jikka 5. Abinci na dala 100 kullum har kwana 100, jikka 50 ke nan. Ruwa da gishiri da kanwa da igiya jikka 5. Ranar sayarwa, kai ta kasuwa da sauran ƙananan kuɗi jikka 5. Jimla jikka 220. In ka sayar jikka 260, ribarka jikka 40.

Yanzu ka duba abu uku. In ka ƙi sayarwa ka ƙara kwana 40 kana jiran farashi ya hau, ka ƙara kashe jikka 20, rabin ribar ya tafi. In rabin abincin daga gonarka ya fito, jikka 25 ta zauna a aljihunka. In kuma shanu biyar ka ɗaure, ɗaya ta mutu dab da sayarwa, ribar sauran huɗun, jikka 160, ba za ta cike ramin ba. Shi ya sa ba a shiga sana'ar nan da kuɗin cefane, ko da bashin da za a zo karɓa ranar da ba ka shirya ba. Kuma saniyar da ta yi wata guda tana ci jiki bai amsa ba, ka rabu da ita da ƙaramar faɗuwa tun kafin ta zama babba.

Me ya haɗa saniyarka da naira da iyaka?

Mafi yawan shanun da suke barin yankin nan Najeriya suke nufa, saboda haka ko a Magarya ka sayar, ƙarfin naira yana cikin farashin. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tana hawa tana sauka. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka wajen naira 460 take a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. In naira ta faɗi, falken Kano yana zuwa da kuɗi masu yawa a ido, amma in an canza su zuwa sefa sai su ƙanƙance, tayinsa ya yi ƙasa.

Iyakar ma takan rufe. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A Mayun 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje gabanin babbar salla don farashi ya sauka a gida. Darasin shi ne kada ka rataya lissafinka duka a kan kasuwar ƙetare. Ka san mahautan garinku da masu watanda tun kafin ka saya. In za ka ƙetara, ka nemi takardar likitan dabbobi da ta duwan, ka san canjin ranar kafin ka ce ka sallama.

Wa abin ya shafa bayan kai?

Ya shafi makiyayin da ya sayar maka. Sau da yawa yunwar gida ce ta sa ya rabu da saniyar da ta shayar da 'ya'yansa shekara goma. Ciniki halal ne, amma matse wanda ya shiga uku ba ya kawo albarka, kuma wanda ka kyautata wa bana shi zai kawo maka ta kirki baɗi.

Ya shafi mai saye. Musulunci ya hana ɓoye aibin abin sayarwa, ya hana sa wani ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Ɗura wa dabba ruwa da gishiri ranar kasuwa don ta cika ido algus ne.

Ya shafi mai cin naman. Kowace allura da kowane maganin tsutsa suna da kwanakin da za a jira kafin a yanka, likita zai faɗa maka, kada ka rage ko ɗaya. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, domin yana iya zama ciwon saifa, mai kashe mutum. A kira ma'aikatan kiwo.

Ke ma uwargida, ƙofar a buɗe take. Mata sun daɗe suna kiwon turke a cikin gida, kuma asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna yadda taro da sisi yake zama jari. Mutum uku ko huɗu suna iya haɗa hannu a kan saniya ɗaya, muddin an rubuta abin da kowa ya zuba, da wanda zai ciyar, da yadda za a raba riba ko faɗuwa.

To, ta ina za ka fara?

Ka fara daga gona. Da kaka ka ɗaure harawa tun ganyenta bai zube ba, ka ɗora ta bisa rumfa ko reshen itace inda dabba da rana ba za su ɓata ta ba. Ka tara kara, ka tsinci 'ya'yan gawo in lokacinsu ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ka je kasuwa sau uku ko huɗu ba da kuɗi ba. Ka tsaya kusa da masu ciniki, ka ji inda ake tayawa da inda ake sallamawa, ka roƙi wanda ya sani ya nuna maka bakin saniya goma. Ranar saye ka tafi da shi, ka sayi ɗaya tak. Ka samu ɗan littafi ka rubuta kowace dala da ta fita, har da ranar da ka yi niyyar sayarwa.

Dattijon nan da ka gani yana leƙa bakin guzuma, abu biyu yake ƙirgawa a ransa: haƙoran da suka rage mata, da damman harawar da suka rage masa a gida. In lissafin biyu ya haɗu, sai ya taya. In bai haɗu ba, sai ya saki hancinta, ya yi wa mai ita fatan Allah ya kawo kasuwa, ya wuce gaba. Ranar da ka iya wucewa haka ba tare da zuciyarka ta ja ka baya ba, ka shiga sana'ar.